Yadda 'Yar Ƙaramar Kwamfuta Ke Tashi: Matakan Tayar da Raspberry Pi da Gano Inda Ta Maƙale

Akwai wata 'yar kwamfuta da faɗinta bai wuce na katin cirar kuɗi ba, wadda ta zama abokiyar aikin ɗaliban injiniya da na kimiyyar kwamfuta a Kaduna. A Kadpoly, ko a Jami'ar Jihar Kaduna da ke kan titin Tafawa Ɓalewa, za ka iske ɗalibin ajin ƙarshe ya ɗora aikin kammala karatunsa a kanta: ko na'urar ban ruwa mai kunna kanta, ko kyamarar tsaron gida, ko mai ɗaukar sunayen waɗanda suka shigo aji. Sunanta Raspberry Pi. Gidauniyar da Eben Upton da abokan aikinsa suka kafa a Kambirij ta Ingila ce ta fito da ta farko a Fabrairun 2012 a kan dala 35, don yara su sami kwamfutar da za su buɗe cikinta su koya. Ta huɗu ta fito a Yunin 2019, ta biyar kuma a Oktoban 2023. Firosesa da ram da wurin intanet duk a kan fanel guda suke. Ba ta da faifan ajiya a ciki, memori irin na waya shi ne rumbunta.

Ga abin da ke yawan faruwa. An tara kuɗi an yi odarta daga Legas, an je tashar Mando an karɓo saƙo, an dawo ɗaki an jona. Jar fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Sai a yanke hukunci cewa fanel ya ƙone, ko mai sayarwa ya yi cuta. A iya abin da na gani, da wuya ya kasance hakan. Galibi fanel lafiyarsa ƙalau, wani wuri ne a cikin tashin ya tsinke.

Kwamfuta ba ta tashi lokaci guda, hawa-hawa take tashi, kamar hura wutar murhu. Ashana ba ta kama gungume. Sai ta kama yayi, yayi ya kama ƙirare, ƙirare su kama itace. Kowane hawa aikinsa ɗaya: ya nemo na gaba, ya ɗora shi, ya miƙa masa ragama. Wanda ya san jerin nan ba ya lalube. Zai dubi fitila da allo ya ce a hawa kaza aka tsaya, saboda haka abu kaza ne ya lalace. Zan yi bayanin a kan Pi 4, in riƙa nuna inda sauran suka bambanta.

Mataki na 1: Fara da caja

Kafin ka taɓa memori ko manhaja, ɗauki cajar da za ka yi amfani da ita, ka juya bayanta ka karanta ƙananan rubutun nan. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3 ta bakin USB-C. Pi 3 tana son amfiya 2.5 ta ƙaramin baki irin na tsofaffin wayoyin Android. Pi 5 kuwa cajarta ta asali mai wat 27 ce, wadda ke iya ba da amfiya 5, ko da yake tana tashi da mai amfiya 3 in ba a cika mata kaya a USB ba.

A nan ne mutane ke ruɗuwa. Mutum ya ga an rubuta wat 25 ko 33 a jikin cajar wayarsa, ya ce ai wannan ta fi ƙarfin 'yar kwamfutar nan. Amma irin waɗannan cajoji suna kai wannan ƙarfin ne ta hanyar ɗaga wuta zuwa bolt 9 ko sama, bayan sun daidaita da wayar. Pi 4 ba ta neman bolt 9. A kan bolt 5 za ta tsaya, kuma a wannan layin wasunsu amfiya 2 kawai suke bayarwa. Layin da ya fara da 5V shi za ka duba, sauran ba ruwanka da su.

Sai kod. Kod siriri ko dogo yana shan wuta a hanya. Ka ɗauka juriyarsa om 0.3 ce, fanel kuma yana jan amfiya 2: bolt 0.6 ya zube ke nan, abin da ya isa fanel 4.4 ne. Ita kuwa Pi, da zarar wuta ta sauka ƙasa da kusan bolt 4.63, sai jar fitilarta ta mutu ko ta riƙa ƙiftawa, ta rage gudu, wani lokaci ma ta yanke tana tsakiyar tashi ta koma farko. Shi ya sa cajar Pi ta asali take fitar da bolt 5.1, kod ɗinta kuma a manne yake, mai kauri. In za ka yi odar fanel, haɗa da cajarsa, ka zaɓi mai filogi ƙafa uku irin na Ingila, shi ya dace da soket ɗinmu. Kuɗin cajar ba ya kai asarar makonni ana neman matsalar da babu ita.

Wanda ya sami Pi 4 ta hannu, 'yar farkon fitowa a 2019, ya sani cewa an yi kuskuren haɗi a bakin USB-C ɗinta, har wasu kod masu tsada na laftof ba sa ba ta wuta sam. An gyara a fitowar da ta biyo baya. In ko jar fitila ba ta kama ba, gwada kod na gama-gari tukuna.

Mataki na 2: Gwada memori kafin ka amince masa

Memori mai gigabait 16 ko 32 ya isa, musamman mai alamar A1 a jikinsa. Za ka samu a shagunan kayan waya da ke kan titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Sheikh Gumi. Sai dai jabun memori ya cika ko'ina a ƙasar nan, wani lokaci mai shagon ma bai san an sa masa shi a cikin kaya ba. Ka ce masa, "Maigida, zan gwada a gida, in bai cika ba zan dawo da shi," ku yi wannan magana kafin ka biya.

Gwajin kuwa da manhajar H2testw ake yi a Windows, ko f3 a Linux. Tana cika memorin da rubutu har ƙarshe, sannan ta karanta ta gani ko abin da ta zuba yana nan. Tana ɗaukar lokaci, amma ka daure. Dalili shi ne jabun memori ba ya tona asirin kansa ranar farko. An rubuta 64 a jikinsa alhali cikinsa 8 ne, kuma fayilolin tashi a farkon memori suke zama, inda yake da lafiya. Kwamfuta za ta tashi sumul yau da gobe. Sai ranar da ajiya ta zarce iyakar gaskiya, rubutu ya riƙa faɗawa inda babu wuri ko ya hau kan wani, a wayi gari ta ƙi tashi ana gobe kare aiki a gaban malamai.

Mataki na 3: Zuba babbar manhaja

Sauke Raspberry Pi Imager a laftof, kyauta ce, tun 2020 kamfanin Raspberry Pi ya fito da ita. Sa memori a kad rida. Za ta tambaye ka abu uku: wane fanel ne, wace babbar manhaja kake so, wane memori za a rubuta wa. A na ukun nan ka natsu, ka cire duk wani filashi da ke jikin laftof, don abin da ka zaɓa za a share shi tas.

Babbar manhajar ita ce Raspberry Pi OS, wadda aka gina a kan Debian. Mai tebur da hotuna ta haura gigabait 1 wajen saukewa, mai suna Lite kuwa wajen rabin haka ce, kuma ta ishi duk aikin da ba ya bukatar allo. In ku da yawa ne, mutum ɗaya ya sauke fayil ɗin, sauran su kwafa su zaɓi Use custom, a huta da ƙona data.

Kada ka tsallake shafin saituna. Tun Afrilun 2022 aka cire tsohon sunan shiga na pi da kalmar sirrinsa da kowa ya sani, yanzu kai za ka sa naka. Sa sunan Wi-Fi da kalmarsa, ƙasa NG, lokaci Africa/Lagos, ka kunna SSH don ka iya shiga daga laftof ko babu allo. In ta gama rubutu za ta sake karantawa don tantancewa, bar ta ta gama. Daga nan Windows na iya fito maka da saƙo cewa akwai faifan da ke bukatar fomat. Ka ƙi. Sashen Linux ne ya gani bai gane shi ba.

Mataki na 4: Buɗe memorin ka ga masu aikin

Mutane kan tsallake wannan, alhali nan ne ilimin yake. Cire memori ka mayar a laftof. Yanzu an raba shi gida biyu. Na farko ƙarami ne, sunansa bootfs, tsarinsa FAT, shi ya sa Windows ke iya buɗe shi. Na biyu babba, rootfs, tsarinsa ext4, nan Linux da duk kayanta suke. Buɗe bootfs ka bar shi a gabanka, mu bi jerin.

Hawa na farko ba ya cikin memori. 'Yar manhaja ce da aka ƙera a cikin babban aisin fanel, BCM2711 a Pi 4, tun daga masana'anta, ba mai iya gogewa ko canza ta. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba firosesar ARM ce ke fara farkawa ba. Sashen hoto ne, mai suna VideoCore, ke gudanar da wannan hawa da biyun da ke bin sa, ARM tana barci. A wannan lokaci ko ram bai kunnu ba. Aikin hawa na farko ɗaya ne tal: ya nemo na biyu.

A Pi 3 da waɗanda suka gabace ta, hawa na biyu shi ne fayil ɗin bootcode.bin da kake gani a gabanka. Da yake ram bai tashi ba, a cikin 'yar ma'ajiyar da ke jikin aisin ake ɗora shi. A Pi 4 da Pi 5 an ɗauke wannan aiki daga memori an kai shi wani ɗan aisi dabam a kan fanel, ana ce masa EEPROM, na Pi 4 kilobait 512 ne. Saboda haka Pi 4 ba ta ko kallon bootcode.bin. Wannan hawa shi ke tayar da ram, sannan ya duba jerin wuraren da aka ce ya nema, memori ko USB ko intanet, har ya sami sashen FAT mai kayan tashi.

Hawa na uku shi ne start4.elf tare da abokin tafiyarsa fixup4.dat, a Pi 3 sunansu start.elf da fixup.dat. Shi ne babba a cikin masu share fage. Yana karanta config.txt, wanda shi ne madadin shafin BIOS da ka sani a laftof, sai dai wannan rubutu ne zalla da za ka iya buɗewa da Notepad. Daga nan ya ɗora abu uku a ram: kanel, wato zuciyar Linux, mai suna kernel8.img, layin umarni daga cmdline.txt, da wani fayil mai ƙarewa da.dtb. Sai ya tashi ARM daga barci ya nuna mata inda kanel yake. A Pi 5 an haɗe wannan hawa cikin EEPROM, ba ta bukatar start.elf, kuma kanel ɗinta kernel_2712.img ne.

Fayil ɗin .dtb ya cancanci a tsaya a kansa. A laftof, kayan ciki suna sanar da kansu. Linux na tambaya wa ke nan, su amsa. Shi ya sa filashi ɗaya na Ubuntu ke tayar da HP da Dell da Lenovo. A irin waɗannan fanel yawancin kayan ba sa amsawa. Dole a miƙa wa kanel takardar da ta lissafa komai: wurin memori yana adireshi kaza, ƙafa kaza ce ta fitila, wannan sashe da wannan agogo yake aiki. Takardar ke nan, ta Pi 4 sunanta bcm2711-rpi-4-b.dtb. In aka ba kanel ta wani fanel, zai nemi abubuwa inda ba sa nan, ya tsaya cik ba ko saƙo. Foldar overlays da ke gefe ƙananan gyare-gyare ne a kan takardar, ana kiransu daga config.txt in ka ƙara wani abu kamar kyamara ko agogo.

Buɗe cmdline.txt ka duba. Layi ɗaya ne, kuma dole ya zauna layi ɗaya. In ka danna Enter a tsakiya, duk abin da ya sauka ƙasa ba za a karanta shi ba. A ciki za ka ga root=PARTUUID= da wasu lambobi masu ƙarewa da 02. Wannan shi ke gaya wa kanel cewa gidansa yana sashe na biyu. In ka ga kalmomin quiet da splash, goge su yanzu, ka adana. Su ne ke rufe rubutun tashi da hoto, kai kuwa rubutun kake son gani.

Mataki na 5: Jona, ka zuba wa koriyar fitila ido

Sa memori, rubutunsa yana kallon ƙasa. Jona HDMI a bakin da ya fi kusa da na caja, shi ne HDMI0. Kunna talabijin ka kai shi tashar da ta dace, sa kibod, sannan wuta daga ƙarshe. Pi 4 ba ta da makunni, da ta ji wuta take tashi. Pi 5 ce aka sa wa.

In komai daidai ne, jar fitila za ta tsaya cak, koriya ta riƙa ƙiftawa ba tsari, alamar ana karanta memori. Murabba'i mai launin bakan-gizo zai bayyana ya wuce, rubutu ya fara gudu. A tashin farko za ta faɗaɗa sashe na biyu ya cika memori, ta sake tashi da kanta. Kada ka zare wuta a wannan lokacin don ka ga allo ya ɗauke.

In ba haka ba, koriyar fitila za ta gaya maka inda aka tsaya. Tana ƙiftawa da ƙidaya, ta ɗan huta, ta maimaita. Ɗauki bidiyonta da waya ka ƙirga a natse. Gajeru 4, ba a sami start4.elf ba: ko memori bai zauna ba, ko rubutun bai yi ba. Gajeru 7, an wuce wannan amma ba a sami kanel ba. Dogaye 2 da gajere 1, sashen farko ba FAT ba ne, wanda ke faruwa in mutum ya kwafa fayiloli da hannu a babban memori mai tsarin exFAT. Dogaye 4 da gajeru 4, manhajar ta tsufa ba ta san wannan fanel ba, sauke sabuwa. Gajeru 8 ne ke da tayar da hankali, don ram ne ya ƙi tashi, kuma ko shi sai ka sabunta EEPROM ka canza caja kafin ka fid da rai.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. Cire memori gaba ɗaya, ka jona wuta da HDMI. Pi 4 mai lafiya za ta nuna allon bayani, tana lissafa wuraren da ta nema ba ta samu ba. In ka ga wannan, hawa na ɗaya da na biyu da ram da HDMI duk suna aiki, laifin yana memori. In babu komai, kuma koriya ko motsi ba ta yi, to EEPROM ake zargi. Ɗauki wani memori, ka buɗe Imager, ka shiga Misc utility images, ka zaɓi Bootloader na Pi 4. Sa shi ka jona wuta ka jira kamar daƙiƙa 10. In gyaran ya yi, koriya za ta riƙa ƙiftawa da sauri ba tsayawa, allo ya koma kore. Abin da ya sa wannan ke aiki shi ne hawa na farko, wanda ba ya gogewa, yana duba ko akwai fayil mai suna recovery.bin a memori kafin ya waiwayi EEPROM. Masu gyaran waya da ke yi wa wayar da ta mutu filashin sun san irin wannan ƙofar baya.

In kuwa bakan-gizo ya fito ya tsaya bai wuce ba, start4.elf ya yi nasa, kanel ne ya kasa karɓa. Duba abin da ka ƙara a config.txt, sannan ka sake duba caja, don a daidai nan ne ARM ke farkawa jan wuta ya ƙaru.

Mataki na 6: Karanta abin da Linux ke faɗa

Da rubutu ya fara gudu, ragama ta koma hannun kanel. Zai tayar da kayan da takardar .dtb ta lissafa, ya nemo sashe na biyu ya buɗe, sannan ya kira manhajar farko, systemd, mai lamba 1, wadda ita ke tayar da sauran: intanet, SSH, tebur.

Wuri uku aka fi maƙalewa. In ka ga Kernel panic tare da Unable to mount root fs, wani lokaci da lambobin 179,2 a ƙarshe, kanel ya ga sashe na biyu na memori amma ya kasa buɗe shi, galibi don an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu. Kai memorin laftof mai Linux, ka gano sunansa da lsblk, ka ba da umarnin sudo fsck.ext4 -y /dev/sdb2, in har sdb ne sunan da ya fito maka. In ya tsaya a kan Waiting for root device, lambar PARTUUID da ke cmdline.txt ba ta dace da ta memorin ba, abin da kan faru bayan an kwafi wani memori zuwa wani. Na uku, ta faɗa emergency mode: yawanci mutum ya sa wani filashi a /etc/fstab sannan ya cire shi. Ƙara kalmar nofail a layin filashin, ba za ta sake tsayawa jiransa ba.

In ka shiga lafiya, buga vcgencmd get_throttled. Amsar 0x0 ita ake so. In 0x50000 ce, wuta ta yi ƙasa a wani lokaci tun da aka kunna. In 0x50005 ce, yanzu haka ma tana ƙasa. Sannan systemd-analyze blame zai jera maka abin da ya fi cin lokacin tashi, journalctl -b kuma ya ba ka labarin tashin duka. Ka lura, daga cikin Linux sashen bootfs yana /boot/firmware ne tun fitowar Bookworm a 2023, a tsofaffi kuwa /boot. Bayanai da yawa a intanet har yanzu tsohon wurin suke nunawa.

Mataki na 7: In allo ya ƙi magana

Nemi 'yar na'urar USB zuwa TTL, mai aisin CP2102 ko CH340, ka tabbata a kan bolt 3.3 take. Waya uku kawai zuwa jerin ƙafafun da ke kan fanel: GND zuwa ƙafa ta 6, RX ɗinta zuwa ƙafa ta 8, TX ɗinta zuwa ƙafa ta 10. Wayar bolt 5 kada ta kusanci waɗannan ƙafafu, tana iya kashe fanel da gaske. Ƙara enable_uart=1 a config.txt, ka buɗe manhajar PuTTY a laftof a kan gudun 115200, ka jona wuta. Rubutun kanel zai zubo a laftof ko babu talabijin. In kana son jin hawa na biyu ma, sa BOOT_UART=1 ta umarnin sudo rpi-eeprom-config --edit. Duk ɗakin gwajin da ke da irin waɗannan fanel ya kamata ya ajiye wannan na'ura, ba ta da tsada.

Mataki na 8: Shirya ta don zaman Kaduna

Tashi ɗaya ba shi ne nasara ba. Abin da ake so shi ne ta tashi gobe, bayan an ɗauke wuta an kawo, an sauya zuwa janareto an dawo. Linux ba ya rubuta komai nan take, yana tara wasu a ram ya zuba daga baya, shi kansa memori kuma yana jujjuya ajiyarsa a ciki. Yankewar wuta a wannan tsakani ita ke lalata sashe na biyu. Don haka kashewa da sudo poweroff ake yi, a jira koriya ta daina motsi, sannan a zare.

Wuta kuwa ba ta sallama kafin ta tafi. In akwai inbata ko sola, a nan za a jona ta. Fawa banki ma yana yi, amma gwada shi tukuna: wasu ba sa ba da wuta suna caji, wasu kuma suna yankewa na ƙiftawar ido in aka ɗauke, wanda ya isa ya kashe ta. Ga na'urar da aikinta ɗaya ne, kamar allon sanarwa a masallaci ko asibiti, ko rumbun karatu na Kiwix mai ɗauke da Wikipedia ta Hausa a makarantar da babu intanet, akwai maganin da ya fi. Buga sudo raspi-config, ka shiga Performance Options, ka kunna Overlay File System. Daga nan memori ya zama na karatu kawai, duk sabon rubutu a ram yake tsayawa ya tafi da wuta. A ɗauke sau nawa aka ga dama, za ta tashi yadda ka bar ta. Sai dai ba za ta adana komai ba, in za ka yi gyara sai ka kashe shi.

Wanda aikinsa ke tara bayanai kullum ya koma faifan SSD ta shuɗin bakin USB, ya fi memori juriya nesa ba kusa ba. Pi 4 tana tashi daga USB tun sabuntawar EEPROM ta Satumban 2020. Jerin neman yana cikin BOOT_ORDER, wanda aka saba gani 0xf41, kuma daga dama ake karanta shi: 1 memori, 4 USB, f a koma farko. In ka mai da shi 0xf14, USB za a fara dubawa.

Zafi ma abin lura ne. A bazarar Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano a Kawo ko Unguwar Dosa ya riga ya ɗauki zafi kafin a kunna komai. Pi tana fara rage gudu da ta kai digiri 80, ta ƙara matsawa a 85. Duba da vcgencmd measure_temp, ka sa mata ƙarfen sanyaya da 'yar fanka. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ramin memori. Kwamfutar da ta yi wata biyu lafiya ta fara ƙifta 4, cire memori ka goge haƙoransa ka hure ramin kafin komai. Sannan Pi 4 ba ta da agogo mai batir, daga intanet take samun lokaci. In aikinka na ɗaukar lokaci ne kuma babu intanet, ƙara mata DS3231, ka sa dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a config.txt. Ranar da komai ya daidaita, kwafi memorin duka a wani da manhajar SD Card Copier, ka gwada kwafin ka ga ya tashi, ka ajiye.

Idan fanel ɗinka ba Raspberry ba ne

Saboda tsada, wasu na sayen Orange Pi ko Banana Pi. Jerin hawan iri ɗaya ne, wurin ajiyar ne ya bambanta. Aisin Allwinner da ke kan wasunsu ba ya neman fayil da suna. Yana zuwa daidai kilobait 8 daga farkon memori ya ɗauki abin da ya tarar. Na Rockchip kuwa kilobait 32 yake zuwa. Abin da ke wurin shi ke tayar da ram ya kira wata manhaja mai suna U-Boot, U-Boot ya ɗora kanel da .dtb. Da yake wannan wuri yana wajen sassan da laftof ke nunawa, kwafar fayiloli da hannu ba ta tayar da su, dole a rubuta hoton manhajar ɗungurungum. Kuma manhajar Raspberry ba ta tashi a kansu, kowane fanel da tasa. A shafin babbar manhajar Armbian za ka nemi mai ɗauke da sunan naka daidai, har lambar ƙarshe. Da yawansu ma manhaja ce ke kunna fitilarsu, saboda haka rashin haske ba shaidar mutuwa ba ne. A nan na'urar Mataki na 7 ta zama dole.

Ga malaman da ke koyar da wannan a makarantunmu, ina roƙon a ware darasi guda a ba ɗalibai memorin da ba a jin asararsa. Su kwashe duk fayilolin da suka fara da start su kai wata folda, su jona su ga abin da fitila da allo za su ce. Su mayar, su canza wa kernel8.img suna, su ƙirga ƙiftawa 7. Su mayar, su sauya lamba ɗaya a PARTUUID, su ga inda rubutu zai tsaya. Kai ma mai karatu, in fanel ɗinka yana tashi lafiya yau, yau ɗin ya kamata ka yi wannan gwaji, a kan kwafin memorinka, ba na asali ba.